Taura biyu a bakin mutum ɗaya

Ƙarfe uku saura na dare ne a Katsina lokacin da abin ya faru. Daga baya na zauna na lissafa. Su can Washington takwas da minti 47 ne na daren Laraba, 29 ga Janairun 2025, mu kuwa Alhamis ta riga ta shigo mana, biyu da minti 47. A daidai wannan lokaci ina zaune a teburinmu na ɗakin mata, na rufa da mayafi biyu saboda hunturu, ina cika katin wata tsohuwa da jininta ya ƙi sauka. Ban ji komai ba sai bayan asuba, da na kunna rediyon wayata ina jiran wadda za ta karɓe ni. Wai jirgin fasinja da jirgin soja mai saukar ungulu sun yi taho-mu-gama a sama, sun faɗa kogin Potomac. Na ja salati, na ci gaba da haɗa kayana. Mai aikin asibiti ta saba jin mutuwa da sassafe.

Da na isa gida na tarar da Hajiya, mahaifiyar maigidana, zaune kan darduma ba ta naɗe ba, rediyonta a gefe. Ita ce za ta tafi Umara a watan azumi, an riga an biya kuɗi, kuma ba ta taɓa shiga jirgi ba. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta ce, "Ke 'yar nan, zauna ki gaya mani, ku da kuka yi boko. Sama da faɗinta, ba kasuwa ba, ba shataletale ba. Ta ina jirgi zai bi ya ci karo da ɗan'uwansa?"

Na ce mata tsautsayi ne, Hajiya. Ta dube ni irin duban da ke nuna amsar ba ta shige ta ba. Ni ma ba ta shige ni ba. Wannan tambaya ita ta sa ni bibiyar maganar wata da watanni, duk dare in aiki ya lafa, har na tsinci kaina a cikin labarin ta inda ban zata ba.

Abu na farko da na gane shi ne sama na da faɗi, amma hanyoyinta ƙanana ne. Jirgi ba ya bin inda ya ga dama. Akwai layukan da aka shata, akwai kuma hawa-hawa kamar gidan bene: mai tafiya gabas da nasa tsayin, mai tafiya yamma da nasa, a bar ƙafa 1,000 tsakanin na sama da na ƙasa. In kuma an zo sauka, duk faɗin nan sai ya tsuke ya zama ƙofa ɗaya, kamar yadda mutanen ƙauyuka ke taho wa gari ta ko'ina amma kowa ta Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Guga zai shigo. A bakin ƙofar nan akwai mutum zaune cikin hasumiya, da abin magana a bakinsa, yana cewa wane dakata, wane wuce.

Jirgin fasinjan na kamfanin American Airlines ne, ƙarami, samfurin CRJ700, ya taso daga Wichita ta jihar Kansas da mutum 64. Ya kusa sauka a filin jirgin Ronald Reagan sai hasumiya ta nemi ya sauya zuwa gajeren titi mai lamba 33, ya amsa. Hanyar shiga wannan titi kuwa ta ratsa kan kogi, kuma a bakin kogin nan akwai layin da aka ware wa jirage masu saukar ungulu, da sharaɗin kada su wuce tsayin ƙafa 200. Na sojan, Black Hawk, da mutum uku a ciki, yana kan wannan layi ana yi wa matuƙiyarsa jarrabawar tuƙin dare ta shekara-shekara. Suna sanye da tabarau mai gani cikin duhu, wanda ke haskaka gabanka amma ya rufe maka gefe, kamar mai leƙe ta bututu, ga kuma fitilun birni sun cakuɗe da na jirage. Sau biyu suka ce wa hasumiya sun ga jirgin, za su kauce mashi da kansu. Daƙiƙu kaɗan kafin karon jami'in hasumiya ya ce masu su bi ta bayan jirgin. A daidai wannan lokaci an danna abin magana a cikin na sojan, ƙasa da daƙiƙa ɗaya, sai kalmomin "bi ta bayan" suka yanke. Suna kusan ƙafa 300 maimakon 200, kuma bincike ya nuna agogon auna tsayi na irin jirginsu na iya nuna ƙasa da gaskiya da ƙafa 80 zuwa 100. Na'urar da ke yayata wa duniya inda jirgi yake ba ta aika komai daga gare su. Na'urar jirgin fasinja mai ba da umarnin kauce wa karo kuwa, an tsara ta ta daina ba da umarni in an yi ƙasa sosai, don kada ta tura jirgi cikin ƙasa. Mutum 67, babu wanda ya fita. Cikinsu akwai yara 'yan wasan sulu a kan ƙanƙara da iyayensu da masu horar da su, suna dawowa daga sansanin horo.

Akwai abu biyu da suka tsaya mani a maƙogwaro. Na ɗaya, ko da kowa ya tsaya daidai inda aka ce ya tsaya, tazarar da ke tsakanin rufin layin masu saukar ungulu da hanyar sauka a titi na 33 ƙafa 75 ce kacal. Shugabar hukumar binciken haɗurra ta Amurka, Jennifer Homendy, ita ta faɗi haka a watan Maris, ta kuma bayyana cewa daga Oktoban 2021 zuwa Disamban 2024 an samu kusantar juna fiye da 15,000 tsakanin jiragen fasinja da masu saukar ungulu a wannan fili, 85 daga ciki kusanta ce ta saura ƙiris. Duk yana rubuce a kwamfuta. Na biyu, a daren nan mutum ɗaya ne ke riƙe da kujera biyu a hasumiya, ta jiragen fasinja da ta masu saukar ungulu. An saba haɗe su in dare ya yi nisa zirga-zirga ta ragu, amma ran nan tun da wuri aka haɗe.

Kafin a san ko ɗaya daga cikin waɗannan, duniya ta riga ta yanke hukunci. Washegari, gawarwaki na cikin ruwan sanyi ba a gama tsamo su ba, Shugaba Donald Trump, da kwana goma kacal da komawa mulki, ya fito ya jingina abin ga tsarin ɗaukar aiki na gwamnatocin baya, mai buɗa wa mata da tsiraru da masu buƙata ta musamman. Da aka tambaye shi hujja, ya ce hankali ne ya ba shi. A intanet aka ɗauki hoton wata matuƙiyar soja daban, wadda ba ta ko kusa da wurin, aka yi ta yawo da shi cewa ita ce, har sai da ta fito a bidiyo ta nuna tana raye. Iyalan wadda ta rasu ɗin da farko roƙo suka yi a sakaya sunanta. Ka duba fa, 'yarka ta mutu a bakin aiki, amma abin da ke gabanka shi ne yadda za ka ɓoye ta daga bakin mutane.

Mu ma nan ba a bar mu a baya ba. A zauren WhatsApp na danginmu wani ya ce da gangan ne, akwai wani babba a jirgin da ake son kawarwa. Wani ya ce ashe Turawan ma suna yin ɓarnar da muke yi, har da alamar dariya. A majalisar ƙofar gidanmu bayan isha'i, ina jiyo su ta taga, wani abokin maigidana ya ce, "Ai da ma, mace aka ba tuƙi." Aka yi dariya. Maigidana bai yi ba, amma bai ce komai ba. Da ya shigo na ce mashi, "Malam, ran da aka yi wa Hajiya aikin ido, mace ce ta tsaya a kanta har gari ya waye. Ran nan ba wanda ya ce mace aka ba." Ya ce, "Gaskiyarki. Gobe zan faɗa mashi." Ya kuwa faɗa.

Amma ba maganar mace ce ta hana ni barci ba. Kujera biyun nan ce. Na san ta, na zauna a kanta.

Shekarun baya, wata damina, a wani asibiti da na yi aiki, abokiyar dutina ta tafi hutun haihuwa ba a kawo madadinta ba. Aka ce in riƙe ɗakin mata da na maza tare, kafin a ga abin da hali zai yi. Kafin nan ya zama wata huɗu. Tun ana ba ni haƙuri har aka daina, don babu abin da ya faru, kuma in babu abin da ya faru sai kowa ya ɗauka tsarin na tafiya daidai. Ni kaina na fara jin alfahari cewa ina iyawa.

A daren da nake magana an ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, ina aiki da fitilar waya. Akwai mata biyu masu suna ɗaya, gado na kusa da gado. Ɗaya mai ciwon suga ce da ake yi wa allurar insulin, ɗaya kuwa zazzaɓi da amai suka kawo ta, wuni guda ba ta riƙe abinci ba. Da rana an sauya masu gadaje saboda rufi na yoyo, ba a rubuta ba, wadda ta miƙa mani aiki kuma ta manta ba ta faɗa ba. Na ja allurar ke nan aka ƙwala mani kira daga ɗakin maza, ruwan wani ya ƙare jini na komawa cikin roba. Na ruga na gyara, na dawo da sirinji a hannu, na nufi gadon da ƙafata ta saba zuwa. Na kira sunan, matar ta amsa cikin magagi, don sunanta ne. Na yaye mayafi, na goge wurin. Sai 'yarta, yarinya da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, tana kwance kan tabarma a ƙasa, ta ɗago kai ta ce, "Anti, Inna fa ba a yi mata allura a ciki. Waccan ake yi wa."

Tsakanin tsinin allurar da fatar matar bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Duk wanda ya san insulin ya san abin da zai yi wa mai jikin da babu abinci, cikin dare, tana barci. Suga ya faɗi, ta yi gumi, ta wuce daga barci zuwa suma ba tare da ta yi motsi ba, ni kuma ina can ɗakin maza. Sai da safe a tashe ta ta ƙi tashi.

Na yi wa mai allurar allurarta, na fita baranda na zauna a ƙasa, ruwa na zuba, ƙafafuna na rawa. Ban rubuta ba. Ban gaya wa kowa ba, har maigidana, sai bara. Na san in na faɗa takardar tuhuma za a ba ni, a sa a fayil ɗina, jadawalin duti kuma ya zauna yadda yake. Wata biyu na ƙara yi a kan kujera biyu bayan wannan dare.

Ba wanke kaina nake yi ba. Ƙa'ida ta ce in duba kati a bakin gado, in haɗa suna da lamba, in tambayi mai jinya. Ban yi ba, kuma wannan nawa ne, zan amsa shi a gaban Allah. Jirgin sojan ma ya haura inda aka ce ya tsaya, wannan gaskiya ce da ba ta gogewa. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da matar nan ta mutu, abin da za a ji a gari shi ne nas ta kashe mata da allura, a faɗi sunana da unguwarmu, wataƙila danginta su tare ni a bakin get. Ba wanda zai tambayi wa ya sa hannu a jadawali, ko me ya hana janareta tashi, ko tun yaushe rufin ke yoyo.

Wannan tarewa a bakin get ta taɓa faruwa da wani ma'aikacin hasumiya, kuma labarinsa ne ya fi kowanne taɓa ni. Daren 1 ga Yulin 2002, a samaniyar kudancin Jamus kusa da garin Überlingen, jirgin Rasha samfurin Tupolev da ya taso daga Mosko zai je Barcelona ya haɗu da jirgin kaya na DHL. Mutum 71 suka mutu, mafi yawansu yara 'yan makaranta daga birnin Ufa da za su je hutu. Yaran nan ma ba jirginsu ba ne tun asali. An kai su filin jirgin da ba shi ba a Mosko, nasu ya tashi ya bar su, aka sama masu wannan.

Wanda ke riƙe da wannan yanki na sama yana zaune ne a Zurik ta ƙasar Suwizalan, sunansa Peter Nielsen. Su biyu ne a duti, amma abokinsa ya tafi ya kwanta, abin da aka daɗe ana yi da sanin shugabanni. Shi kaɗai yake zirya tsakanin allo biyu. A daren ne kuma masu gyara suka zo, suka kashe wani sashe na na'urar, har da alamar da ke gargaɗin jirage biyu za su haɗu, babban layin tarho ma ba ya aiki. Wani jirgi da ya makara yana neman sauka a wani ƙaramin fili, ya cinye mashi hankali, yana ta kiran waya ba ta shiga. Wani jami'i a Karlsruhe ta Jamus ya hango haɗarin a nasa allon, ya yi ta kira bai samu ba. Da Nielsen ya waiwayo saura ƙasa da minti ɗaya, jiragen biyu na tsayin ƙafa 36,000. Ya ce wa na Rasha ya yi ƙasa. A cikin jiragen kuwa akwai na'urar da ake kira TCAS, wadda ke magana da 'yar'uwarta ta ɗaya jirgin su raba hanya. Ita ta ce wa na DHL ya yi ƙasa, ta ce wa na Rasha ya yi sama. Matuƙan Rasha suka ji murya biyu, ta mutum da ta na'ura, suka bi ta mutum. Duka jiragen suka yi ƙasa tare. Bayan wannan ne aka fayyace doka a duniya cewa in na'urar ta yi magana ita za a bi, ko da hasumiya ta ce akasin haka.

Akwai wani magini, Vitaly Kaloyev, da ke aiki a Sifaniya yana jiran matarsa da ɗansa mai shekara 10 da 'yarsa mai shekara 4, waɗanda ke cikin jirgin Rashan. Ya isa wurin da tarkacen ya zuba, ya shiga cikin masu nema, ya tsinci tsinkakken abin wuyan 'yarsa, ya kuma ga gawarta. Ni uwa ce, ba na iya karanta wannan wuri ban ajiye waya ba. Ranar 24 ga Fabrairun 2004 ya je har gidan Nielsen a garin Kloten, ya daɓa mashi wuƙa ya kashe shi a ƙofar gida, matarsa da 'ya'yansa uku na nan. Kotu ta ɗaure shi shekara takwas, aka sake shi a 2007, ya koma gida Ossetiya ta Arewa da ke Rasha aka tarbe shi kamar gwarzo, har aka ba shi muƙamin mataimakin minista na yankin. A shekarar 2007 ɗin ne kotun Suwizalan ta samu manajoji huɗu na kamfanin kula da sararin, Skyguide, da laifin sakacin da ya jawo kisa. Hukuncin ya zo Nielsen na da shekara uku a kabari.

Ina jin zafin Kaloyev har cikin ƙashina. Amma marayu uku ya ƙara a kan gawa 71, kuma wanda ya kashe shi ne mai ba jirage hannu ɗaya tilo da ya zauna a farke a ɗakin nan yana ƙoƙari. Taura biyu aka cusa mashi a baki, da ya kasa taunawa aka ce shi ne.

Da na ba Hajiya wannan labari, wurin yaran da jirginsu ya tafi ya bar su ta kama. Ta ce, "Kin gani ko? Kwana ne ya ƙare. Ajali ne ya kira su." Na ce haka ne, Hajiya, ba mai ja da wannan. Na yi imani da ƙaddara, kuma na ga mutuwar da likita goma ba su iya tsayarwa ba. Abin da ba na yarda da shi ba shi ne yadda muke ɗaukar wannan kalma mai girma mu rufe fayil da ita. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Mai cewa "wane ne ya yi" da mai cewa "kwana ya ƙare" kamar sun saɓa, amma wuri ɗaya suke sauke mu: an samu amsa tun ranar farko, kowa ya tashi, kujera biyun na nan yadda take tana jiran na gaba.

Kuma kada a ce abin na nesa ne. Ranar 7 ga Nuwamban 1996 jirgin kamfanin ADC daga Fatakwal zuwa Legas ya kauce wa karo da wani jirgi, kaucewar ta yi tsanani ya kuɓuce wa matuƙi, ya faɗa ruwa a Ejirin da mutum 144, cikinsu har da masanin kimiyyar siyasa Farfesa Claude Ake. Kwana biyar bayan haka, 12 ga wata, jirgin Saudiyya da ya tashi daga Delhi cike da 'yan ci-rani masu zuwa neman abinci ya haɗu da jirgin Kazakistan a kan garin Charkhi Dadri. An ce wa na Saudiyya ya tsaya ƙafa 14,000, na Kazakistan 15,000, shi kuwa ya ci gaba da gangarowa. Hanya ɗaya ce ta shiga da fita, na'urar filin kuma ba ta nuna wa jami'i tsayin jirgi, sai abin da matuƙi ya faɗa. Mutum 349, har yau ba a yi karon sama da ya kai shi ba. Sai bayan nan Indiya ta raba hanyoyin, ta wajabta na'urar gargaɗi. Jiragen da muke jiyo gurnaninsu can sama cikin dare a nan Katsina, masu ratsawa tsakanin Turai da kudancin Afirka, wani ne a cibiyar hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, NAMA, da ke Kano yake riƙe da su, in sun tsallaka iyaka ya miƙa wa na Yamai. Yanzu in na fito baranda ƙarfe uku na ji wannan gurnani, shi nake tunawa. Abokin duti ne da ban taɓa gani ba.

Amurka ta rufe wancan layi na bakin kogi bayan mutum 67 sun tafi, alhali gargaɗi 15,000 na ajiye ba a karanta ba. Da na ji haka na tambayi kaina, mu namu gargaɗin ina yake? Nawa na daren damina a cikina yake, shekara da shekaru. Na tabbata kowace nas da ta yi shekara goma tana da irinsa, haka direban tasha, haka mai haɗa magani. "Allah ya kiyaye" muke cewa, mu share gumi, mu yi shiru. A harkar jiragen sama akwai ƙasashen da matuƙi ko jami'in hasumiya zai rubuta kuskuren da ya yi da kansa, ba a kore shi ba, don a gyara kafin ya ci rai. Wannan ne ya fi burge ni a duk abin da na karanta.

Bayan sallar azumi na sayi littafi mai bango mai kauri a kasuwa, na rubuta a bayansa "Saura ƙiris", na ajiye a durowar teburinmu. Yanzu ni ce babba a ɗakin, don haka na tara ƙannena na ce duk wadda ta kusa yin kuskure ta rubuta, ba suna, ba sa hannu, ba kuma wanda zai kai sama da sunan ƙara. Suka yi shiru suna kallon juna. Sai na ba su labarin allurar, daga farko har baranda. Wata ƙaramarsu ta ce, "Anti, ke ma?" Na ce ni ma. Shafin farko nawa ne. Mako uku ba wadda ta ƙara ko layi, sannan wata safiya na buɗe na ga rubutu da jan biro: kwalabe biyu na magani daban-daban masu kama ɗaya suna zaune a shelfi ɗaya, ta ɗauki wannan a maimakon wancan, ta lura kafin ta ja. A ranar muka raba masu wuri. Masu suna ɗaya kuma yanzu ba ma haɗa su jere, muna ɗaura wa gadon ɗaya jan ƙyalle. Maganar mutum ɗaya a ɗaki biyu ta fi ƙarfina, amma duk daren da aka yi haka ina rubutawa da kwanan wata, kuma na kai littafin wurin taro sau biyu.

Hajiya ta yi Umararta. Kwana biyu ta ce ta fasa, a mayar da kuɗi, a rana ta uku ta ce a ɗinko mata hijabi fari. Mu muka kai ta Kano, muka bar Katsina bayan sahur. A filin jirgin Malam Aminu Kano, kafin ta shiga, ta tsaya ta riƙe hannuna ta nuna dogon ginin nan mai gilashi a ka. Ta ce, "Can ne mai ba da hannun yake zama?" Na ce can ne, Hajiya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Da azumi a bakinsa shi ma, bawan Allah. Allah ya sa ba shi kaɗai ba ne a ciki. Zan sa shi a addu'a in na ga Ka'aba." Ta gyara jakarta a kafaɗa ta bi layi. Muka tsaya a waje ni da maigidana har jirgin ya ɗaga ya karkata gabas, sannan muka kama hanya, don ina da duti a daren.